Matar da ta hana ni cewa "da sauƙi"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina shan kunun safe waya ta shigo daga garin Poli: Madam Marta ta rasu.

Kofin yana nan inda na ajiye shi.

Da yatsa ɗaya nake buga wannan, ku yi haƙuri da ni. Wanda ya san ni ya san hannuwana. Ciwon gaɓoɓi ne mai kumburi, irin wanda ba ya warkewa sai dai lallaɓawa. Ya kama ni ina ɗanyen jego, zamanin shugaban ƙasarmu na farko, lokacin da Garwa ke ji da kanta. Madam Marta ce nas ɗin da ke duba masu irin ciwona a asibiti, infirmiya muke ce mata. Kirista ce, 'yar duwatsun Poli, gajeruwa, ga faɗa kamar me.

Kullum na wayi gari yatsuna a sandare suke. Ɗaurin majanyi ya gagare ni. Ranar da ɗana Bello ya zame daga bayana a bakin murhu, Allah Ya kiyaye, surukata ta yanke magana: za a kai shi Ngawundere wurin gwaggonsa, tunda uwarsa ba ta iya goyo. Ba mugunta ta sa ta ba, tsoro ne. Amma ni ji na yi kamar za a zare min rai.

Mu nan cikin Fulani muka tashi, mun kwashi kunyarsu kaf. Mace ta buɗe baki ta ce tana jin ciwo? Ai abin magana ne. Duk ranar da aka kai ni asibiti likita ya tambayi jiki, sai in sunkuyar da kai in ce da sauƙi. Shi kuma bawan Allah ya yarda, ya rage magani. In koma gida in shiga banɗaki in yi kukana.

Madam Marta ce ta gano ni. Wata rana ta kwance ɗankwalinta ta miƙo min.

"Ɗaura min a ƙugu. Ja sosai."

Na kasa. Ko ƙulli ɗaya.

"Wannan ne da sauƙin? Hajara, daga yau na hana ki kalmar nan a ɗakin nan. Ki ajiye wa maƙwabta."

Daga ranar ba ta sake ce min yaya jiki ba. Sai dai: yau yaushe yatsun suka saki, da hantsi ko sai azahar? Kin ɗaga buta da kanki? Kunne yana ƙara? Ciki yana zafi bayan kin sha komprime, wato ƙwayar maganin? Ta kama gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya tana latsawa, idonta a kan fuskata. Abin da ta gani ta kai wa likita, a ƙara wannan a rage wancan.

Akwai lokacin da wata maƙwabciya ta kawo min ƙwaya daga kasuwa. Zafi ya tafi, kumatu suka ciko, gida ya ɗauki murna wai Hajara ta yi ƙiba, ta warke. Ina shiga Madam Marta ta dube ni ta ce, "Wannan ba ƙiba ba ce, kumburin ƙwayar kortizon ne. Kawo sauran." Na sha faɗa ranar. A hankali likitoci suka janye min shi, don wai ba a yanke shi lokaci guda.

Wata Lahadi daga coci ta zarce gidanmu a kan ɗan babur ɗinta, mobilet. Ta durƙusa ta gaida surukata, ta ce, "Inna, ki ara mana yaron zuwa bayan damina. In ba ta iya goya shi ba, ni zan raka shi tasha."

Da ruwa ya ɗauke na goya Bello a gabansu su biyu. Madam Marta ta sa hannu ta finciki ƙullin da ƙarfinta. Bai kwance ba. Surukata ta tashi ta ɗora mata girki.

Bello bai je ko'ina ba. Yau shi ma da jikokinsa, kuma shi ya tuƙa ni zuwa Poli bara da muka ji tana kwance.

Idonta ya tafi, amma tana kama hannuna ta ce, "Hajara." Ba ta ma gaishe ni ba ta hau latsa yatsuna. "Wannan da zafi. Kina zuwa ana duba ki kuwa, ko kin koma halinki?"

Muka yi dariya. Sai bakina ya suɓuce irin na kowa, na ce Madam yaya jiki.

Ta ce, "Babu sauƙi, Hajara. Ni na hana ki, ba zan yi miki ba."

Ita ce maganarmu ta ƙarshe.

Masu irin ciwona, don Allah ku riƙa zuwa ana duba ku, kuma ku faɗi gaskiyar abin da kuke ji. Saura kaɗan kunya ta raba ni da ɗana.

Ya Allah, Kai Ka ga abin da hannun baiwar nan Taka ya yi mana. Ka saka mata, Ka sanyaya zuciyar 'ya'yanta. Duk wanda ya karanta, Musulmi ko Kirista, ya sa ta da iyalanta a addu'a.

Masu turo mesej kuna tambayar yaya nake, na gode. Babu sauƙi.