Kwalabe Biyu Daga Ikogosi

Ranar Litinin ɗin da aka koma makaranta bayan hutun Babbar Salla, ina aji huɗu a firamarenmu ta Illela, na shiga aji rungume da kwalaben lemu biyu, kowace toshe da totuwar masara. Ɗaya har na naɗe ta da rigar sanyin ƙanena. Ko ƙosai ban tsaya saye ba don ɗoki.

A wannan hutun ne Kawu Bello ya tafi da ni jihar Ekiti a motar albasa. Da aka sauke kaya, dillalinsa, wani Bayarabe mai fara'a, ya kai mu wani gari, Ikogosi. Ni da ban san ruwa ba sai na rijiya da tafkin Kalmalo, inda muke shayar da tumaki mu lalubi tarwaɗa cikin laka, sai ga ni a kurmi, itatuwa sun rufe rana, ƙoramu biyu na gangarowa su haɗu, ɗaya da ɗumi kamar ruwan wankan jariri, ɗaya da sanyi kamar na randa. Na ɗebi kowanne a kwalbarsa, na kwana biyu a bayan mota ina ƙanƙame da mai ɗumin, wai kada ya huce. Yarinta!

Malam ya ce in fito in ba da labari. Na bayar har da kumfar baki, sannan na miƙa shaida. Hamisu, ɗan baffana da muke yankan ciyawa tare, muke cin tuwo kwano ɗaya, shi ya yi tsalle ya ce, "Malam, wanga ruwan randarmu ne, da idona na ga ya ɗiba." Wallahi ƙarya yake! Malam ya taɓa kwalaben ya ji duk ɗaya, ya zuba mini bulala shida yana cewa, "Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya." Daga ranar ko a wasan langa na ce wani ya sauke ƙafa, sai a ce ai maƙaryacin Ekiti ne ya faɗi.

Na rama iya ƙarfina. Na kwance wa Hamisu jaki, na barbaɗa masa ƙaiƙayi a tabarma, na kai ƙararsa da ya ci gyaɗar iri. Duk zuciyata ba ta huce ba.

Sai bara, da furfurarmu, Allah ya kawo shi hannuna. Yanzu ni ke kai albasa Kudu, ya roƙe ni in rage masa hanya. Na ɗauke shi, na kai shi har bakin ruwan nan na Ikogosi. Na sa ya tuɓe takalmi, ya nannaɗe wando, ƙafa ɗaya a mai ɗumi, ɗaya a mai sanyi. Na ɗaga waya na ce, "Mi ka ji? Faɗi da ƙarfi." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni na yi ƙarya, Sani." A take na tura wa duk 'yan ajinmu bidiyon, na kuma bar shi tsaye har ƙafarsa ta yi yaushi.

Yaran yanzu waya ke yi musu shaida, ba mai dukansu a kan abin da idonsu ya gani. Mu bakinmu kawai muke da shi. Mutum ɗaya na so in kai bakin ruwan nan fiye da Hamisu, amma Malam ya rasu yana ɗauka ta maƙaryaci. Wannan kam ba ni da inda zan rama.