Bartholomew mai faci da tayar da ya ƙi bayarwa

Ƙarfe shida na safe Bartholomew yake buɗe rumfarsa a bakin babban titin da ya ratsa Sheda zuwa Kwali. Sai ya janyo injin iska waje, ya duba mai, ya cika rabin duro da ruwan da yake tsoma taya don gano huji, sannan ya zauna a benci ya sha kokonsa kafin motar farko ta tsaya. Shekara ashirin da bakwai yana haka. Direbobi Baba Bato suke ce masa. Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar ya koma garinsu kusa da Kafanchan, domin bayansa ya daina iya ɗaga tayar tirela.

Ni lauya ce, aikina nema wa waɗanda manyan motoci suka raunata diyya. Ta dalilin wata shari'a na san shi, kuma labarinta zan bayar.

Wata Talata cikin Maris na 2021, bakwai saura, wata tirela ɗauke da siminti ta tsaya a rumfarsa. Direban, Muktar, ya ce a ƙara wa tayar gaba ta dama iska. Bartholomew ya durƙusa ya shafa ta, ya ji kumburi a gefe. Ya kuma lura haƙoranta ba na asali ba ne, ta taɓa suɗewa aka sake yanka mata wasu.

"Muktar, wannan taya ta mutu. Cire ta."

"Baba, sau biyu ina faɗa wa oga. Ya ce in sauke kayan nan tukuna."

"To ka bi a hankali."

Ya ba ta iska ƙasa da yadda aka nema. Tirelar ba ta yi rabin kilomita ba tayar ta fashe. Motar ta karkata dama, ta kwashe wani acaɓa da ke bin gefen hanya. Fasinjar da ke baya Malama Serah ce, mai koyar da 'yan aji uku a wata firamare, tana hanyar makaranta. Ɗan acaɓan ya tsira da karaya a hannu. Ita kuwa ƙafarta ta hagu ta shiga ƙarƙashin motar.

Halimat, mai ƙosai a wajen, ta ce kafin mutane su gama salati Bartholomew ya iso da guntun robar taya a hannu. Ya ɗaure ƙafar sama da raunin, ya tare wata ƙaramar mota aka tafi da su asibiti. Likitan da ya karɓe ta ya rubuta cewa ba don ɗaurin nan ba, da jini ya ƙare mata a hanya.

Bayan an tafi da su sai ya yi abin da bai faɗo wa kowa a rai ba. Ya fito da wayarsa ya ɗauki lambar tirelar, gaba da baya. Ya ɗauki inda ƙarfen taya ya karci kwalta, tun daga tsakiyar titi har zuwa gefen da acaɓan yake. Ya karɓi lambar wayar Halimat da ta wasu manoma biyu da abin ya faru a gabansu. Da rana mutanen kamfanin motar suka zo suka sa sabuwar taya don a buɗe hanya, suka jefa tsohuwar cikin kwata. Da suka tafi ya janyo ta zuwa bayan rumfa, ya rufe da buhu.

An yanke ƙafar Serah ƙasa da gwiwa. Bayan mako uku mijinta Israel ya zo ofishina da takardar asibiti da wasiƙar kamfanin. Wasiƙar ta ce ɗan acaɓan ne ya faɗo gaban tirela, kuma dukan babur ne ya fasa tayar. Ɗan acaɓan ya koma Katsina jinya, wayar Muktar a kashe. Takardar asibiti tana nuna rauni, amma ba ta nuna mai laifi. Da abin da ke hannuna a ranar, ba mu da shari'a.

Na je wajen da abin ya faru, Halimat ta nuna min rumfar. Bartholomew bai tambaye ni komai ba, ya ɗaga buhun ya sa yatsa kan wasu lambobi huɗu a jikin tayar.

"Barista, taya ma tana da ranar haihuwa. Ga mako, ga shekara. Wannan shekararta goma." Ya nuna min kumburin da yankan haƙoran, ya buɗe min hotuna. Sannan ya ce, "Amma akwai magana. Ni na ba ta iska da safen nan."

Na gaya masa gaskiya: in ya faɗi haka a kotu, lauyan kamfani zai nemi ya rataya masa laifin.

"Ai ni ɗin ne na ba ta. In na ɓoye wannan, sauran maganata ma ta zama ƙarya."

Kafin in shirya ɗaukar tayar zuwa wajen ƙwararre, wani mutum daga kamfanin ya riga ni zuwa. Ya yaba wa Bartholomew, ya duba tsohon injinsa ya ce ai ya kamata a ce an sake masa sabo. Daga nan ya ce tayar tasu ce, zai tafi da ita.

"Taku ce, oga, amma a kwata na tsince ta. Ran da alƙali ya ce in ba ku, zan ba ku."

Daga ranar motocin kamfanin suka daina tsayawa a wajensa. Wasu direbobin ma suka bi sahu, wai ya zama mai kai ƙarar mutane. Halimat ta ce an yi watanni yana wuni a zaune, sai acaɓa ɗaya biyu. Bai taɓa ɗauko min zancen ba.

Sau huɗu ya rufe rumfa ya zo kotu, biyu daga ciki aka ɗage zaman. Ranar da ya tsaya ba da shaida, lauyan kamfani ya tambaye shi ko ya yi makarantar taya.

"Ban yi ba, ranka ya daɗe."

"Ka ga tayar ba ta da kyau, ka cika ta da iska, ta fashe. Ba kai ka fasa ta ba?"

"Na ba ta iska, kuma bai kamata in ba ta ba. Amma ba ni na yanka mata haƙora ba, ba ni na ce a ɗora mata siminti ba."

Abin da ya rage shi ne bakin direba, don shi kaɗai ya san an gaya wa kamfani tun kafin haɗarin. Bartholomew ya riƙa tambayar duk direban da ya tsaya masa, har aka ce an ga Muktar yana tuƙa tifa a Gwagwalada. Ya je ya same shi. Ban san duk abin da suka tattauna ba. Muktar ya ce min kawai, "Baba ya ce shi ya faɗi nasa, saura nawa." Ya zo kotu, ya nuna saƙonni biyu da ya tura wa ogansa a kan tayar.

A 2024 kotu ta ɗora laifin a kan kamfanin, ta ce a biya Serah da ɗan acaɓan diyya. An yi wa Serah ƙafar roba, ta koma ajinta.

Baba Bato, ban zo in ce ba ka da kuskure ba, kai da kanka ka faɗe shi gaban alƙali. Kai ne ka tsaya a inda wasu suka ɗauki hoto don yaɗawa, ka ɗauki naka don mai rauni. Kai ne ka ajiye tsumman taya kamar amana, ka rasa abokan ciniki a kanta. Tun daga lokacin, direbobi sun shaida, ba ka ƙara ba matacciyar taya iska ba, ko waye ya kawo ta. Halimat ta lissafa min wasu haɗurra biyar da aka zo neman lambar mota ko sunan shaida a wajenka, aka samu.

Masu karatu, yawancinmu za mu wuce ta wajen haɗari wata rana. A fara ceton rai. Bayan nan a ɗauki lambar mota, a ɗauki yadda titin yake kafin a share, a karɓi lambar waɗanda suka gani, a bar wa dangin mai rauni tamu lambar. Wanda ke kwance a asibiti ba zai iya yi wa kansa wannan ba, kuma kafin ya tashi an gyara wajen.

Ranar Asabar da ta wuce Serah ta zo yi masa sallama. Ta sauka a mota, ta tako daga bakin titi har rumfa ba sanda. Ya miƙe zai tare ta, ta ɗaga masa hannu.

"Zauna, Baba. So nake ka gani."

Ya koma ya zauna, ya kalle ta har ta iso.

Mun gode, Bartholomew. Allah Ya kai ka gida lafiya, Ya ba gadon bayan nan naka hutu.