Baƙin Murhun Farfesa

Shekara talatin da ɗaya Farfesa ya yi yana koyar da tarihin makamashi a jami'a, wato tarihin abin da mutane suka ƙona don su dafa abinci, su ga haske, su tayar da inji. Ya san shekarar da aka kafa turken lantarki na farko a garin. Ya san adadin bishiyoyin da aka sare kafin a shimfiɗa layin dogo. Ɗalibai na kiransa Baba Gawayi a bayan idonsa. A gida kuwa, in gas ya ƙare, matarsa ce ta san inda ake cikowa.

Babi ɗaya ya rage masa a littafinsa na ƙarshe, kuma babin ya rataya a kan tambaya ɗaya: iyalan ma'aikatan jirgin ƙasa na dā, da kwal ɗin jirgi suke girki ko da itacen daji? Ya yi shekara shida yana tona tsofaffin takardu bai sami amsa ba, domin masu rubuta takardun ba sa shiga kicin.

Sai ya tsinci wani murhun ƙarfe a wurin 'yan gwangwan, wanda aka kwaso daga rusassun gidajen ma'aikata. Baƙi ƙirin, kaurin baƙin ya kai farce. Wani abokin aikinsa na sashen kimiyya ya ce zai kankare baƙin ranar Litinin ya auna, a san abin da aka ƙona a ciki. Farfesa ya shimfiɗa jarida a kan teburin falo, ya ɗora murhun, ya tara iyalinsa ya yi musu lacca ta minti arba'in. Ya kuma manna takarda: KADA A TAƁA.

Ranar Asabar, yana wurin taro, Goggo ta iso. Ƙanwar mahaifinsa ce, shekarunta tamanin da shida, ba ta karatu, ba ta kuma iya ganin ƙazanta ta wuce.

Da ya dawo ya tarar da murhun a tsakar gida yana ƙyalli a rana. Toka, yashi da soson ƙarfe sun yi aikinsu har cikin lungu.

"Ina kike aka yi wannan?" ya tambayi matarsa.

"Ina kasuwa. Ko da ina nan, kai ka taɓa hana Goggo abu ta hanu?"

Goggo na zaune kan tabarma tana matsa yatsunta. "Ba sai ka gode ba, ɗan nan. Na dai rufa wa matarka asiri kafin baƙi su gani."

"Goggo, baƙin nan na shekara tamanin ne!"

"Ai na ji a hannuna."

"Shi ne hujjata. Da shi za a gane ko kwal suka ƙona ko itace."

"Su wa?"

"Matan ma'aikatan jirgi."

Goggo ta dube shi kamar yadda take dubansa tun yana rarrafe. "Kwal? Wa zai ɗora tukunya kan kwal ɗin jirgi, abinci ya fito yana warin tasha? Itace kuwa sai masu hali. Tsofaffin katakon layin dogo muke ƙonawa, waɗanda aka cire aka jibge bayan shagon gyaran jirgi. In mai gadi ya tafi cin abinci, mu ja ɗaya mu biyu. Wata guda muna faskara."

"Ku? Ke kin zauna a gidajen nan?"

"Mijina na fari ba shi ke zuba wa jirgi wuta ba? Shekara tara. Ɗaki na huɗu daga famfo."

"Amma ba ki taɓa faɗa mini ba."

"Ka tambaya? Kai in ka zo gaisuwa, ba ka wuce yaya ƙafa."

Farfesa ya juya. Ya dubi murhun, ya dubi matarsa, wadda ta sami wani aiki na gaggawa a cikin kicin. Sannan ya shiga ɗaki ya ɗauko littafin rubutu da biro, ya tattare rigarsa ya zauna a gefen tabarma.

"Goggo, a wace shekara ke nan?"

"Shekarar da haƙorin nan ya fita. Rubuta. Kuma kada ka sa sunana, mai gadin yana da jikoki."

Babin ya fito da shafi ashirin da biyu.