Sif Mai Ƙofa Uku

Ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na goya shi, don haka kada wani ya ce sharri nake masa. Darakta muke ce masa. Ba wanda ya naɗa shi. Shi ya je ya bugo kati ya rubuta hakan a ƙarƙashin sunansa tun ba shi da ko teburin kansa. Muka ɗauka muna tsokanarsa da sunan, shi kuwa gogan ya zaci girmamawa ce, yana amsawa har da gyaran murya.

Babanmu kafinta ne. Shagonsa na bakin titi, gaba kayan sayarwa, baya wurin aiki, sai an sauka matakala kafin a kai. Zarto ya cinye masa yatsu biyu na hannun hagu tun muna ƙanana, garin katako ya bar masa tari, tsufa kuma ya zo ya kama gwiwoyi. Da wannan guntun hannun ya ɗauki nauyin karatun Darakta. Amma albasa ba ta yi halin ruwa ba. Tun yana makaranta yake gaya wa abokansa wai ubansa shigo da kayan ɗaki yake yi daga waje. In ya hango Baba a bakin ƙofar makaranta da fensir a bayan kunne, sai ya zagaya ta ɗaya ƙofar ya riga shi zuwa gida. Baba ya dawo yana cewa yau ma sun yi saɓani.

Da ya gama karatu ya taɓa kiwon kifi, kifi suka mutu. Ya buɗe wurin wankin mota a layin da famfo ba ya kawo ruwa. Duk wanda ya rushe sai ya ce mutanenmu ne ba su waye ba. Da duniya ta gama juya shi, ya lallaɓo shagon da yake gudu, wai ya zo ya zamanantar da shi. Ya cire allon da Baba ya rubuta da hannunsa, ya sa gilashi a gaba, ya shimfiɗa tayil, ya rataya fitilu. In baƙo ya shigo, har ƙasa yake rusunawa yana washe baki. Mu na gida kuwa ko gaisuwa sai ya ga dama. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Baba ya sakar masa komai ban da abu ɗaya: wata gajeriyar kujera daga ciki, kusa da ƙofa, da rediyonsa a gefe. Tun da Umma ta rasu, gida ya zame masa wurin kwana kawai. Kullum da safe ma'aikata su ɗauko shi a motar shago, ya zauna a kujerar nan yana gogar wani guntun katako da ba wanda ya sa shi. Tsofaffin kwastomomi su shigo da 'ya'yansu su ce, "Ga wanda ya yi gadon da aka haife ka a kai." Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Abin da ya rage masa a duniya ke nan, kuma shi ne ya tsone wa Darakta ido. Yau ya ce warin man zafin da Baba ke shafa wa gwiwa na damun mutane, gobe ya ce rediyon ya cika ƙara.

Ana nan ya je wani taron 'yan kasuwa a otal, ya dawo da sabuwar waƙa. Akwai wata kyamara mai ido gaba da baya, a kafa ta kan sanda a tsakiyar ɗaki ta ɗauke ko'ina lokaci guda, sama da ƙasa, hagu da dama. Mai saye yana falonsa zai ɗaura wani ƙaton tabarau mai madauri, ko ya juya wayarsa, sai ya gan shi tsaye a cikin shagonka yana zagayawa. Ni ban ga laifin abin ba. Masu otal da dillalan gidaje suna yi, kuma yana kawo musu ciniki. Sai dai kyamarar nan ba ta da baya. A hoton da muka sani, tarkace sai a ture shi bayan mai ɗauka. A wannan, shi kansa mai ɗaukar sai ya nemi wurin ɓuya.

Bayan an yi an gama, Darakta ya zo gidana da tabarau a jaka yana tafiya kamar wanda ya ciyo kofi.

"Yaya, saka ki ga inda duniya ta kai."

Na saka. Gaskiya na ga shago. Kushin na sheƙi, gadaje a jere, wani kiɗa mai sanyi na tashi. Na juya wajen ƙofa ina neman kujerar Baba, sai na ga tukunyar furen roba a wurin. Na ce a raina to, an ɗauke ta ne na ɗan lokaci. Na ci gaba da juyawa har na zo kan babban sif ɗin rataye kaya mai ƙofa uku, aikin ƙarshe da Baba ya yi da hannunsa, wanda ya hana a sayar. A ƙasan ƙofar tsakiya wani ɗan ƙyalle ruwan toka ya leƙo. Ni nake wanke wa Baba kaya, ni nake goge su. Na san bakin rigar nan.

Na fizge tabarau. "Mene ne wancan a ƙofar sif?"

Ya karɓa ya duba, ya ja tsaki. "Au, ya fito? Sai da na ce wa mai ɗaukar nan ya goge shi."

"Ya goge wa?"

Wallahi ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. Ya gyara zama ya shiga yi mini bayani dalla-dalla, kamar mai koyar da darasi. Wai ranar ya sallami ma'aikata da wuri saboda kayansu duk datti. Ba wanda zai taya shi sauke Baba ta matakalar baya. Waje kuma ba dama, gaban shagon gilashi ne, kyamara za ta hango shi. Mai ɗauka yana sauri, hasken rana na shirin juyawa. Baba ya ce, "To in zauna a kujerata mana, ai shagona ne, a gan ni a ciki." Shi kuma ya ce masa kwastoman yanzu tsabta suke son gani. Sai suka zare sandar rataye kaya, suka sa ƙaramar kujera a ciki, suka kama shi suka zaunar, suka rufe.

"Ai ba a daɗe ba," in ji shi. "Da ba don tarinsa ya yi ta ɓata mana sauti ana sakewa ba, da tuni an gama. Sai da na ba shi hankicina ya toshe baki."

Na dube shi daga sama har ƙasa, da takalminsa mai tsini da agogon da ya fi ƙarfin hannunsa, na rasa ta inda muka haɗa jini. Na ce, "Uban da ya haife ka ka sa a sif?"

"Yaya, matsalarki ke nan, komai sai kin sa zuciya. Kasuwanci ne fa."

Abin da na gaya masa ranar ba zai rubutu ba. Maƙwabciyata sai da ta leƙo ta taga.

Na wuce wurin Baba da yamma raina a ɓace. Ashe ya yi kwanaki da abin a cikinsa bai gaya wa kowa ba, kullum yana zuwa shago kamar ba a yi komai ba. Na tambaye shi don me ya yarda. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ai sif ɗin da faɗi, 'yar nan. Ni na yi shi." Na juya baya don kada ya ga idona. Can sai ya ce tunda kowa ya gani, shi ma yana so a nuna masa.

Washegari Darakta ya zo da rawar jiki. Baba yana zaune a bakin gado, aka ɗaura masa tabarau, madaurin ya yi masa yawa sai da na riƙe ta baya. Ya fara juya kai a hankali. Ya miƙa hannun nan mai yatsu uku yana laluben iska, kamar zai shafa katako ya ji ko an goge shi da kyau. Ya juya wajen da ƙofa take ya tsaya. Ya daɗe yana kallon wurin, ina jin numfashinsa a hannuna.

"Ashe haka shagon yake da fili," ya ce. "Ya yi kyau. Ba abin da ya tare ido."

Ya cire da kansa, ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya miƙa wa Darakta da hannu biyu. Sannan ya ce gobe kada a wahalar da mota, a dai aiko masa da rediyonsa.

Na jira in ga ko maganar za ta taɓa ƙanina, ko sau ɗaya a rayuwarsa. Sai ya juyo gare ni baki har kunne.

"Kin ji ko? Ke ce kawai ba ki waye ba. Ko Baba ya yaba!"

Ya zaro waya, ya durƙusa gaban tsohon, durƙuson da ban taɓa ganin ya yi masa ba. "Baba, don Allah maimaita abin da ka faɗa in sa a talla. Mutane suna son jin wanda ya kafa wuri. Muryar kawai, ba sai fuska ta fito ba."

Baba ya dubi wayar, ya danne tarin da ya taso masa har ya wuce, sannan ya maimaita masa.