Yadin da Gobara Ba Ta Samu Ba

Duk layin teloli ba mai kiranta da sunanta na yanka. Gwaggo Zai-Girma ake ce mata, saboda hali ɗaya. In aka kai mata ɗinkin yaro, sai ta bar yadi mai yawa a gindin rigar da bakin hannu, ta kalmashe shi ciki ta bi da zare. Uwa ta yi ƙorafi cewa rigar ta yi nauyi daga ƙasa, Gwaggo ko kai ba ta ɗagowa daga kan keke.

"Zai girma," shi ke nan amsarta.

Baɗi a dawo da rigar, ta sa reza ta saki kaɗan. Samarin teloli suna tsokanarta wai tana kashe wa kanta kasuwa, riga ɗaya sai ta raka yaro har ya fara gemu. Takan ce musu su ɗinkin yau suka iya, ita kuwa jibi take wa aiki.

Shekara talatin da ɗoriya ta yi a shagon nan. A ƙarƙashin teburin yanka 'ya'yanta suka koyi rarrafe. Amma gobarar da ta cinye shi ba ta kai hucewar kofin shayi ba. Wayar lantarki ce ta yi tartsatsi a shagon maƙwabci da rana tsaka, lokacin ta tsallaka titi sayo zare. Tana juyowa ta ga rufinta ya rufta.

Washegari ta dawo ta tsaya a kan tokar. Babban ɗanta ya tsayar da motarsa a bakin layi, ya bar ƙofar baya a buɗe.

"Inna, ki zo mu tafi. An gyara miki ɗaki, ga fanka ga talabijin. Kin yi naki, ki huta."

"In huta in jira me?"

"Keken fa ya ƙone. Kuma shekaru sun ja."

"Wandon da ka shiga sakandare da shi, da shi ka fito. Talabijin ce ta riƙa sakar maka shi?"

Bai yi dariya ba. Ita ma ta san in ta shiga motar nan ba za ta sake zama a layin ba, kuma ƙafafunta sun fara karkata can.

Sai ga wata mata ta matso tana jaje, tana tura wata leda bayanta. Gwaggo ta gane ta, tun tana goye take mata ɗinki.

"Ke, me kike ɓoyewa?"

"Ba komai, Gwaggo. Rigar 'yata ce ta ɗage mata. Sai da na iso na ji abin da ya faru."

Gwaggo ta karɓa ta juya gindin rigar. Ɗinkinta ne, kuma a cikin kalmasar akwai sauran yadi sabo fil, ko wanki bai dusashe shi ba. Ta daɗe tana shafa shi da ɗan yatsa. Irin wannan nawa ne a garin nan, a jikin yara, a igiyar shanya, a ƙasan akwati? Wuta ba ta kai can ba.

Ta share toka daga dakalin shagon ta zauna. Allura na soke a gefen ɗankwalinta kamar kullum, zaren jiya kuma yana cikin jaka. Sau biyu hannunta ya kuskure kafar allurar, a na gaba zaren ya shige.

"Inna, a nan? Cikin toka? Har yaushe?"

"Har yarinyar ta daina girma. Bayanta kuma akwai ƙannenta." Ta shimfiɗa rigar a cinya. "Rufe motarka kada ƙura ta shiga. In taimako kake so ka yi, tsallaka ka sayo mini reza."