Jirgi ya hwaɗi Tenere, Inna ta aike ni sayen gishiri

Shekarar da na ci jarrabawar burebe ƙahwata ba ta taɓa ƙasa. Ƙarshen damanar tamanin da tara ce, gero ya yi kai har ya hwara nuna, ni ko ina jiran rantire, wato buɗe lakkwal, in tahi lise, babbar makaranta can Tawa. Duk wanda na gamu da shi sai na jehe shi da gaisuwar Faransanci, "sa ba?", har jakin gidanmu bai tsira ba. Na saƙala bik a aljihun gaba, ba don ina da abin rubutawa ba, don dai a san da wa ake magana. Kakata, uwar babanmu, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mushe, malamin lakkwal, da ke kwana ɗakin awaki ba sai ni.

Ƙauyenmu na kusa da Galma, kuma radiyon da duk gari ke ji ta tela ce, nan rumhwarshi bakin masallaci. Tsohuwa ce tukuf. Abin murɗa ta ya ɓalle tun tuni, sai wani ɗan guntun ƙarhe ya rage, kuma ba mai babban yatsan da ke kamo tasha da shi awa ni. Sau guda nake shahwa shi, shuuu ɗin ya ɗauke, magana ta hito tas. To ga yatsa ga Faransanci, dole a neme ni. In lokacin jurnal, wato labarai, ya yi sai ka ji tela na kira: "Ina ɗan lakkwal?"

Ran nan da hantsi na kamo wata tasha ta Faransi, na kara kunne, na juyo na ce musu jirgin sama ya ɓace. Ya tashi Injamena za shi Pari, an neme shi an rasa.

Tela ya tsai da keken ɗinki. "Ya ɓace? Akuya ce?"

Anka yi dariya, har da ni. Wallahi abin da ya dame ni a lokacin shi ne ko na hwassara da kyau, ko an lura da yadda na ce Pari da hanci.

Kashegari dariya ta ƙare. An gane shi, a ƙasarmu, cikin hamadar Tenere, ya tarwatse gutsu-gutsu. Mutum ɗari da wani abu, ba wanda ya hita. Bayan ƴan kwanaki kuma sunka ce ba lalacewa ya yi ba, bom anka sa mishi. Nan ne kaina ya kulle. Kalmomin duk na ji su, amma da na juya su Hausa sai su ƙi zama magana.

Akwai wani tsoho da ya yi soja zamanin Nasara, kullum shina zaune nan bisa buzu. Ya ce, "Bom daga sama ake jeho shi ƙasa, na gani da idona. Jirgin da ke sama, wa ke bisanshi da zai jeha mishi?"

Na ce cikin kaya anka ɓoye shi, cikin akwati.

"Mai akwatin shina ciki?"

"Ba su hwaɗi ba."

"To mi mutanen sunka yi mishi?"

Na ce ga alama bai ma san su ba.

Tela ya ce, "Bai san su ba ya kashe su? Kai, ɗan lakkwal, murɗa da kyau, ba ka ji daidai ba."

Na murɗa. Na kamo Yamai, na kamo masu Hausa na waje, na koma ga Faransi. Kowa da tashi: wanga ya ce wata ƙasa ce, wancan ya ce wasu mutane ne da ba su da ƙasa. Wani ya tambaye ni ko yaƙi anka hwara da mu, in haka ne a sani tun ba a yanke gero ba. Liman ya tambaye ni ko akwai Musulmi ciki, kuma wa zai yi musu wanka cikin wannan rairai. Ni da na ci burebe da maki mai kyau, na rasa ko guda da zan amsa. Sai "bon" nake ta cewa, ina gyara bik.

Kahin labarin ya kai bakin rijiya ya sake kama. Matan da sunka dawo ɗiban ruwa cewa sunka yi jirgi ya hwaɗo bisa kamiyo, babbar motar ƴan ci-rani masu tahiya Libiya, wuta ta cinye su duka. Wa ya hwara hwaɗin haka, har yau ban sani ba.

Mu kuwa muna da mutum bisa wannan hanya. Yayana, ɗan hwarin Inna, ya tashi bayan an gama maimai, ya ce za shi Agadas, daga can ya ƙetare Libiya. Tun da ya tahi ba mu ji ɗuriyarshi ba.

Ɗan hwari kuwa a wajenmu ba na uwarshi ba ne. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta kama sunanshi ba. In ta kama dole sai ta ce "wancan", ko "ɗan tsohuwa", don tun da anka yaye shi Kaka ta ɗauke shi. Ba ta tambayar ko ya ci, ba ta dubanshi ido cikin ido, ko ciwo shike sai dai ta dama hura ta aje inda Kaka za ta gani. Kunya ce, haka munka tashi munka tarar, ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba.

Kaka ita ba ta da wannan takunkumi. Na iske ta tsakar gida ta yar da ɗankwali tana ta kiran angonta, ita Yaya ne angonta, ni ko mijin da ta ce ta saka tun ran suna.

Na ce, "Tsohuwa, kalme-bu. Jirgi daban, kamiyo daban."

"Kalme uwaka! Kai ka je ka gani?"

Na ɗauko kara na zana mata ƙasarmu bisa ƙasa yadda mushe ke zana ta a allo. Ga mu nan, ga Tawa, ga Agadas, ga Tenere, na buɗe hannu na share wuri mai hwaɗi har kusa da turmi. Na ce duk Adar in ka jeha ta ciki ɓacewa za ta yi. Kaka ta dubi zanen ta ce ita kaji ta gani sun yi tono.

Inna ta zo wucewa da ƙwarya a hannu. Ta rage tahiya, ba ta dube ni ba, zanen take kallo.

"Wurin da ake hwaɗi, hanyar mutane ce?"

"Waɗanne mutane, Inna?"

"Mutane dai."

Na ce kamiyo na bi ta nan, amma wurin da girma. Ta ce "to", ta wuce madahwa. Sai bayan ta wuce na sake tunani. Radiyo ba ta ce jirgi ya hwaɗi bisa kamiyo ba, gaskiya ne. Amma ba ta ce bai hwaɗi ba. Kuma sun ce gutsattsarin sun watsu wuri mai nisa. Na koma rumhwar tela na yi ta murɗa har pil, batirinta, ya mutu, ba wanda ya yi zancen ƴan ci-rani, ko da kalma guda.

Baba da ya dawo gona ya ji, ya ce rai na Allah ne, ya yi alwala ya hita. Inna ta ci gaba da aikinta awa ba komi. Ta yi daka, ta yi tuwo, ta raba ma kowa. Tuwon ne dai ran nan ya hito ba kanwa, kashegari kuma miya ta yi gishiri har ba ta lasuwa. Nata akushin ko, yadda ta zuba haka nake ganin an juye ma awaki.

Ran kasuwar Madawa da sassahe ta kira ni.

"Ari keken tela ka tahi ka sawo min gishirin Bilma. Wajen Buzaye, ba wajen masu tebur ba."

"Inna, ga gishiri nan cike da tukunya."

"Na ce na Bilma."

Na hita ina ƙunƙuni, mai burebe guda an mai da shi ɗan aiken gishiri. Kaka na zaune bakin zaure, ta kamo min wando.

"Ina za ka, mijin banza?"

Na gaya mata. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Wai kai ne anka ce ka hi ƴan lakkwal duka? Gishirin Bilma ta ina shike zuwa?"

"Ta Tenere."

"To gishiri ta aike ka? Tahi ka ba ni wuri. Kuma kar ka dawo min da Faransanci, ka dawo da magana."

Haka na hau keke kunnena na zahi.

Kasuwa ta cika, kuma ko'ina zancen jirgi ake. Mai rake ya rantse sojoji sun kama wanda ya yi. Mai gyaran montur, agogon hannu, ya ce ƙarya ne, tsawa ce ta buge shi, Nasara ne ba su son a ce jirginsu bai da ƙarhi. Na iske wani dattijon Buzu zaune bayan kantunan gishiri, na gaishe shi, na saya, sannan na tambaye shi labarin hanya. Ya gyara tagulmus, rawaninsu na Buzaye, ya ce wanga gishirin na bara ne, ayarin bana bai ko tashi ba. Sai ya hangi bik a aljihuna.

"Kai ɗan lakkwal ne? Madalla. Gaya min, ta wace rijiya abin ya hwaɗi? Ƙanena na shirin bin hanyar."

Na zo tambaya, ga shi ni ake tambaya. Na ce ban sani ba. Rannan na hwaɗi "ban sani ba" hiye da duk shekarun da na yi kolej.

Na tura keke tasha. Kamiyo guda na tsaye an buɗe mishi baki, wani aparanti, yaron mota ɗan Tamaske, ya shige ciki rabi, baƙin mai har gwiwar hannu. Anka ce min daga Agadas sunka sauko. Na yi sallama.

Ya hito da kai. "Patoro, mai gida, lahiya? In Tawa za ka, sai mun sami piyas, wani ƙarhen inji ne ya karye."

Na ce mutum nake nema, na hwaɗi sunan Yaya da na ƙauyenmu. Ya ce shi ba ya riƙe suna, masu wannan sunan a tashar Agadas sun hi buhun gero yawa. Na ce dogo ne, baƙi, da giɓi a sama inda jaki ya harbe shi.

Ya kwashe da dariya. "Mai giɓin nan da ke cin wake awa an aiko shi? Wanda in shina magana sai ya yi hito ta giɓin awa tsuntsu?"

Na matso kusa. "Shi ne. Yaushe ka gane shi?"

"Ran da za mu taso. Shi ya kama muna ɗaurin bashi, tamfol ɗin ruhe kaya."

"Kahin jirgin ko bayan jirgin?"

"Bayan mana. Ai tare munka tsaya muna kallon motocin soja na wucewa. Shina nan shina buga birgi, tubalin gini, wajen wani magini, su da yawa, jiran mota suke. Da hanya ta lahwa za su ƙetare."

Na sa shi ya maimaita, ya maimaita. Na ce ya rantse, ya ce, "Kai, ɗan lakkwal, jandarma ne kai?" Ban san sanda na rungume shi ba, rigata hwara ta rantire ta tashi aiki.

Tun daga Madawa nake taka keke ina waƙa, ina shirya yadda zan hwaɗa gida in ce Inna, ɗanki na nan da rai. Sai da na hangi rumbunan gari na tuna ba a yin haka. In na tsaya gabanta na hwaɗi, na nuna ke nan na san abin da ke cinta, kuma dole ta ɗaure huska ta ce wa ya tambaye ni.

Na iske ta tana surhe gindin bedi, Kaka na can zaune bakin ɗakinta. Na aje gishirin kusa da turmi. Na wuce har gaban Kaka, na ɗaga murya yadda har maƙwabta za su ji.

"Tsohuwa, angonki na Agadas! Bai ko shiga Tenere ba. Birgi shike bugawa, shina cinye musu wake."

Kaka ta rangaɗa guɗa, ta koma kuka, ta koma zaginshi, ɗan banza mai giɓi da bai iya aiko ko gaisuwa ba. Ta sa na sake hwaɗi tun daga hwarko, wa ya gane shi, ya rame ko bai rame ba. Na ce mata an ce da hanya ta lahwa za su ƙetare.

Bayana taɓarya ta tsaya. Ban juya ba. Can na ji muryar Inna, ba da ni take ba, ba kuma da Kaka ba, awa da turmin take magana.

"In akwai mai komawa can, a gaya ma mutanen nan gero ya nuna. Hannu muke nema."

Ta ci gaba da surhe. Ni ko na tahi wajen tela in roƙe shi keken gobe, tun kamiyon bai sami piyas ba.