Washegarin Mai Katafila

Kakata ba ta son a katse ta, ko da shugaban ƙasa ne. A Tungan Maje, inda muka koma bayan an tashi ƙauyenmu don gina sabon babban birni, da an gama tuwo sai ta tura doya cikin garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Da Gbagyi take ba mu tatsuniya. In ranta ya ɓaci kuwa, Hausa take juyawa, irin tata da ba ruwanta da mace ko namiji, don maƙwabta ma su ji.

Shekarar da gwamnati ta kwaso kayanta daga Legas, ina aji uku, aka raba mana wani ɗan littafi a makaranta. Na karanta mata ina ta iyayi: wai da can nan daji ne, ba kowa sai birai.

"To, ni ne birin," in ji ta da Hausa. "Zauna, biri zai ba ka labari."

Ta ce ɗanta na fari, wan babanmu, ƙyanda ta ɗauke shi yana shekara huɗu, aka binne shi gindin wata ɗorawa a bayan gida. Ranar da katafila ta iso, kowa ya hau motar ƙaura, ita ta je ta zauna kan kabarin. Direban katafilar, wani Bakano, ya yi ta danna oda, ko gezau. Da ya sauko ya ji dalili, sai ya cire hula ya yi addu'a, ya koma ya kewaye ɗorawar da katafilarsa.

Muka hau tafi. Babanmu, da ke gyaran fartanya a gefe, ya yi sauri ya ce, "Mama, ya isa haka. Yara ne."

"Yara ne?" Ta nuna ƙasa da wuƙar doya. "Wanda yake kwance can, babba ne?"

Ta ƙarasa. Washegari wani direba aka turo, ita kuma an riga an ɗauke ta da ƙarfi. Yanzu titi ne a wurin, kuma ko ita ba ta iya nuna daidai inda kabarin yake. Na yi kuka sosai, na ci doyata, na yi barci lafiya lau.

Bayan na girma na zama malamar makaranta, na rubuta wa yara labarin. Mai tace littattafai a wani kamfanin ɗab'i ta yaba ƙwarai, sannan ta ce, "Malama, ki tsaya inda ya kewaye bishiyar. Shafin ƙarshen nan ya yi wa yara nauyi."

Raina ya ɓaci irin na Kaka. Na yarda ba komai ake nuna wa yaro ba, shi ya sa ban kwatanta yadda aka ja ta a ƙasa ba. Amma a sassauta magana daban, a yi ƙarya daban. In na tsaya a nan, yara za su rufe littafin suna zaton kabarin yana nan. Na karɓe takarduna, na buga da kaina.

Da na karanta wa ajina, ba wanda ya suma. Wata yarinya ce ta ɗaga hannu. "Malama, yaya sunan yaron?"

Kunya ta kama ni. Shekara da shekaru ina taƙama da labarin nan, ban taɓa tambaya ba, ga shi Kaka ta rasu. Na kira babanmu a waya a gaban ajin. Na tambaye shi sunan.

"Shekwolo," ya ce. "Ki rubuta da kyau. Kada kowa ya cire."